Daga Ƙofar Maƙabarta Zuwa Ɗakin Agogo: Yadda Ake Karanta Tsohon Cocin Ƙauye a Ingila

Idan Bahaushe zai tambayi lokaci, cewa yake yi "ƙarfe nawa?" Ba inda hannu ya nuna yake tambaya ba, sau nawa aka buga ƙarfe yake son ji. Kalmar agogo ma da muka aro wurin Yarbawa, asalinta ƙararrawa ce. Su ma Turawan Ingila haka abin yake a wurinsu: sunan da suke kiran agogo da shi ya samo tushe daga wata kalmar Latin mai nufin ƙararrawa. Ka riƙe wannan, domin shi ne zai buɗe maka duk abin da za ka gani a tsohon cocin ƙauye. Hasumiya don ƙararrawa aka gina ta. Agogo daga baya ya zo, aikinsa ya buga ƙararrawar a kan kari ko da mutum ya yi barci. Fuskar agogon nan mai ruwan zinariya da ido ke fara sauka a kanta kuwa, ita ce auta.

Cocin Ingila yana da gine-gine kusan 16,000, dubbai daga ciki an aza harsashinsu tun kafin shekarar 1500. Wanda karatu ko aiki ko ziyara ta kai shi ƙasar, da wuya ya yi tafiyar rabin awa a karkara bai hango hasumiya ta leƙo daga bayan itatuwa ba. Ga yadda nake bi idan na tsaya a ɗaya, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: shirin gida

Yawancin cocin ƙauye a buɗe suke da rana. Wanda aka kulle, sau da yawa akwai takarda a ƙofa da ke faɗin wurin wanda mabuɗi yake. Hasumiya kuwa kusan kullum a kulle take, sai ka nemi izini tun da wuri wajen wakilan jama'ar coci, su ne ke riƙe da ginin, ko wajen shugaban masu kaɗa ƙararrawa. A watan Satumba ana ware wasu kwanaki da ake buɗe tsofaffin gine-gine kyauta a faɗin Ingila, wasu hasumiyoyin ma a lokacin kaɗai baƙo ke samun hawa. Akwai kuma ƙungiyar Churches Conservation Trust, mai kula da coci fiye da 350 da aka daina ibadar yau da kullum a cikinsu.

Ka tafi da tocila, da madubin hangen nesa, da littafin rubutu, da takalmi mai kama ƙasa. Babbar riga ba ta dace da matakalar hasumiya ba, za ka ga dalili. Wurin ibadar mutane ne, don haka ka kauce wa safiyar Lahadi da lokacin ɗaurin aure ko jana'iza. Ba a cire takalmi, amma al'adarsu namiji ya cire hula idan ya shiga.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ɗauki ɗan littafin tarihin da ake ajiyewa a bakin ƙofa sai ka gama zagayenka. Idan ka fara da shi, idonka zai daina aiki.

Mataki na biyu: tsaya daga nesa

Kafin ka shiga maƙabartar da ta kewaye ginin, za ka iya tarar da wata 'yar rumfa a kan ƙofar shiga. A nan masu ɗauke da gawa suke jiran limamin coci a da. Ka tsaya a wurin ka dubi ginin gaba ɗayansa.

Kusan duka a miƙe suke daga yamma zuwa gabas. Hasumiya a yamma, babban zauren jama'a a tsakiya, ƙaramin sashen limamai da bagadi a gabas, shirayin shiga yawanci a kudu. A da can, gyaran sashen gabas a wuyan limami yake, zaure da hasumiya kuwa na mutanen gari ne. Shi ya sa za ka ga doguwar hasumiya ta alfarma a manne da ɗan ƙanƙanin sashen gabas: aljihu biyu ne suka yi aikin, ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

Sai ka dubi dutsen. Kafin jirgin ƙasa, jan dutse daga nesa ya fi sassaƙa shi tsada, saboda haka kowane gari da abin da ƙasarsa ta ba shi ya yi gini. A Cotswolds dutse ne mai launin zuma. A Norfolk da Suffolk babu dutsen sassaƙa, sai ƙanƙarar ƙyastu, dunƙule-dunƙule kamar dankali, wadda ba ta yin kusurwa mai kyau. Wannan na cikin dalilan da ake bayarwa na hasumiyoyin nan masu kewaye kamar rumbu, waɗanda Norfolk kaɗai ke da fiye da 120. A Northamptonshire da Lincolnshire, inda dutse mai kyau ya wadata, za ka ga tsini na dutse ya soki sama. A Somerset kuwa hasumiya ce mai kusurwa huɗu, ado yana ƙaruwa yadda ake hawa, har ta ƙare da kambi, kamar ta Huish Episcopi.

Mataki na uku: zagaya ka karanta baka da taga

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Ka zagaya ginin sau biyu. Da wuya ka sami cocin da aka gina shi a zamani guda. Kowane ƙarni ya zo ya huda taga, ya ƙara shirayi, ya ɗaga rufi. Abin da zai faɗa maka shekarun kowane sashe shi ne siffar baka, wato lanƙwasar saman ƙofa da taga, wadda maginanmu ma suka san darajarta a soro.

Mafi tsufa shi ne aikin Saksan, mutanen da ke mulkin Ingila kafin 1066. Taga ƙarama ce, samanta ko dai zagaye ko duwatsu biyu da aka jingina kamar jinka. Ka dubi kusurwar bango: idan ka ga dogon dutse a tsaye, sai wani a kwance, sai wani a tsaye, har sama, to alama ce mai ƙarfi. Hasumiyar Earls Barton a Northamptonshire, ta wajen ƙarshen ƙarni na 10, ita ce makarantar wannan salo. An yi mata zanen siraran duwatsu a jiki kamar ana kwaikwayon ginin katako, kuma a kan wannan tsohon bango aka zo daga baya aka manna fuskar agogo.

Bayan 1066 sai Nomawan Faransa, wato mutanen Normandy da suka ci ƙasar da yaƙi. Bakansu rabin da'ira ne cif, bango mai kauri, ginshiƙi gajere mai ƙiba, ƙofa kuma an zagaye ta da sassaƙa mai zigizag kamar haƙoran zarto. Kilpeck a Herefordshire, na wajen 1140, ɗan ƙarami ne, amma ƙofarsa kaɗai ta isa ta cinye maka awa guda.

Daga wajen 1180 baka ya yi tsini. Da farko taga siririya ce doguwa kamar kan mashi, ɗaya ko uku a jere. Wajen ƙarshen ƙarni na 13 magina suka koyi haɗa tagogi a ƙarƙashin baka ɗaya su cike samansu da sassaƙar dutse, da farko da'irori, daga baya lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganye ko harshen wuta. Patrington a gabashin Yorkshire shi ne abin misali. Sai annobar 1348 zuwa 1349 ta zo ta kwashe abin da ya kai sulusi zuwa rabin jama'a, aikin gini ya tsaya cik a wurare da yawa. A cikin hasumiyar Ashwell a Hertfordshire har yau akwai rubutun da wani ya karta a bango da Latin yana kukan wannan annoba da ragowar mutanen da suka tsira. Na tsaya a gaban rubutun nan ya fi yadda na tsaya a gaban kowane gilashi mai launi.

Salo na ƙarshe, daga wajen 1350 zuwa 1530, shi ne wanda za ka ga an rubuta Perpendicular a takardunsu. Sandunan taga suna miƙewa sak daga ƙasa har baka, tagar ta yi faɗi, bakan ya kwanta. Yawancin manyan hasumiyoyin ƙauye na wannan zamani ne, kuɗin ulu da saƙa ne suka gina su. Ta Lavenham a Suffolk, mai tsawon fiye da mita 40, an gama ta a 1525, kuma iyalin Spring masu fataucin tufa sun zuba dukiya a cikinta. Waɗannan sunaye na salo, wani mai zanen gini, Thomas Rickman, ya tsara su a 1817. Maginan da suka yi aikin ba su san su ba.

Ga tarkon da ke kama kowa. A zamanin Sarauniya Victoria an yi wa dubban coci gyaran da ya kusa zama sabon gini, ana kwaikwayon tsohon salo. Ni kaina na taɓa cika shafi biyu ina yaba wata taga a matsayin aikin ƙarni na 14, ashe ta 1860 da wani abu ce. Abin da ya kamata in lura da shi a fili yake: bakin dutsen a kaife, kowace sassaƙa daidai da 'yar'uwarta, babu cin ruwa ko iska. Tsohon aiki yana da 'yar karkata, hannu yana nunawa a jikinsa. Ɓarnar irin wannan gyara ce ta sa William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877.

Kafin ka bar hasumiya, nemi abubuwa uku: ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu a jere, inda magina suka soka itacen tsaninsu, tabon tsohon rufi a bangon da ke kallon zaure, mai nuna an taɓa sauya tsawon rufin, da manyan tagogin sama masu katakai a karkace, waɗanda ke hana ruwa shiga su bar amo ya fita. Nan ƙararrawa take.

Mataki na huɗu: bangon kudu da inuwa

Ka matsa kusa da ƙofar kudu, ka duba duwatsun gefenta daidai tsayin ƙirji. Idan ka yi sa'a za ka ga ɗan rami da layuka suna fita daga gare shi zuwa ƙasa, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. A soka tsinke a ramin, inuwarsa ta faɗa kan layi, limami ya san lokacin addu'a ya yi, a kaɗa ƙararrawa. Duk wanda ya ga malamin zaure yana auna inuwa da ƙafa don gane azahar da la'asar, zai fahimci wannan nan take. Hasken rana na gefe, da safe ko da yamma, shi ke fito da layukan. Da tsakar rana ba ka ganin komai. Idan ka sami wannan agogon rana a bangon arewa ko a kife, to an ciro dutsen an sake amfani da shi a wani gyara.

Mafi shahara yana Kirkdale a arewacin Yorkshire, a saman ƙofa. Rubutun da ke jikinsa ya ce Orm ɗan Gamal ya sayi wurin yana kango ya sake gina shi a zamanin Sarki Edward da Tostig, hakimin yankin, abin da ya sa aka san aikin na tsakanin 1055 da 1065 ne.

Mataki na biyar: fuskar agogo

Yanzu ɗaga madubin hangen nesa. Tambaya ta farko: akwai fuska ma kuwa? Agogon babban cocin Salisbury, na wajen 1386, ba shi da ita, bugu kawai yake yi. A ƙauyen East Hendred a Oxfordshire akwai wanda ake dangantawa da 1525, shi ma ba fuska, haka na Castle Combe a Wiltshire. Manomi a gona ba ya bukatar gani, kunne yake sa wa.

Ta biyu: hannu nawa? Tsohon agogo, kafin a ƙirƙiro lilo, wato sanda mai nauyi a ƙasa da ke reto tana daidaita tafiyar agogo, yana iya yin kuskuren kamar kwata a yini, don haka hannun minti ba shi da amfani. A Coningsby a Lincolnshire an zana fuska a jikin hasumiyar kanta, faɗinta kamar mita 5, da hannu ɗaya tak. Idan ka ga an raba tsakanin lamba da lamba gida huɗu maimakon biyar, to fuskar ta mai hannu ɗaya ce tun asali, kowace alama kwata ce, ko da an ƙara mata hannu na biyu daga baya.

Ta uku: ina aka sa ta? Da yake fuska baƙuwa ce, sau da yawa za ka ga ta rufe rabin taga, ko ta kauce daga tsakiya, ko kuma tana ɓangaren da ke kallon gari kawai. Launin da aka fi so baƙi ne ko shuɗi, lambobi da ganyen zinariya, don shi ke jure ruwa yana ƙyalli daga nesa. Huɗu yawanci IIII ake rubuta ta. Akwai wata tsohuwar ƙa'idar masu sana'ar da za ka iya gwadawa da ido: faɗin ƙafa ɗaya ga kowace ƙafa goma ta tsawo daga ƙasa.

Wasu garuruwan sun maye gurbin lambobi da haruffa goma sha biyu. A Baslow a Derbyshire an rubuta VICTORIA 1897, don bikin cikar sarauniya shekara 60 a gadon mulki. A West Acre a Norfolk kalmomi ne masu cewa a yi tsaro a yi addu'a. A Whitgift kuwa XIII ce a gurbin XII. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne na Wootton Rivers a Wiltshire. A 1911 mutanen ƙauyen suka so agogo don tunawa da naɗin Sarki George na biyar, kuɗi bai kai ba, sai wani ɗan garin, Jack Spratt, ya ce a kawo masa tarkacen ƙarfe. Da ƙarafan gado da guntayen kayan noma ya haɗa shi. Duk maƙerin da ya taɓa mai da tsohon sifirin mota garma zai gane wannan mutum.

Gargaɗi: shekarun fuska ba su ne shekarun inji ba. Gaskiyar tana sama.

Mataki na shida: ratsa cikin zaure

Ba zan daɗe a nan ba. Kusa da ƙofa akwai kwamin dutse na baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, wanda sau da yawa ya girmi ginin da ke kansa. Idan ka ga 'yar matakala a bango tana ƙarewa a iska, tana kai wa ne ga wani dandamali da aka rushe a sauyin addinin ƙarni na 16. Mutum-mutumin da aka fasa wa fuska a Suffolk da Cambridgeshire, da yawa aikin William Dowsing ne da mutanensa a 1643 da 1644. A ƙarƙashin hasumiya, nemi doguwar akwatin katako a tsaye a kusurwa: hanyar da nauyin agogo ke sauka ce, wato ƙarfen da ke rataye a waya yana jan injin. Kada ka tsaya a ƙarƙashinta.

Mataki na bakwai: hawa

Matakalar murɗaɗɗiya ce, ƙunci gare ta, duwatsun sun lotsa a tsakiya saboda sawun ɗaruruwan shekaru. Taka ta gefen bango inda ta fi faɗi. Hawa na farko ɗakin masu kaɗawa ne, igiyoyi na reto daga rufi. Kada ka taɓa ko ɗaya. A Ingila ƙararrawa tana juyawa ne da'ira guda cikakkiya a kan gargare, kuma wani lokaci ana barin ta a tsaye baki sama. Jan igiya kaɗan zai kifo da ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan kilo, igiyar ta fizge mutum sama. Jemagu ma doka ta kare su, ba a tada su.

Sama da nan ɗakin agogo yake. Tun kafin a buɗe akwatin za ka ji shi, bugu mai nauyi, a hankali, kamar ana sara itace daga nesa. Ka fara da sauraro, ka ƙirga. Idan bugu ɗaya daƙiƙa ɗaya ne, tsawon lilon kusan mita ɗaya ne. Daƙiƙa ɗaya da rabi, mita biyu da kwata. Daƙiƙa biyu, kusan mita huɗu, kuma za ka ga an huda dabe ya sauka ɗakin ƙasa. A garin Rye, lilon agogon 1561 har cikin cocin yake reto a kan mutane, ko da yake shi lilon daga baya aka ƙara shi, tunda sai 1656 Christiaan Huygens ya haɗa lilo da agogo.

Sai firam ɗin. Idan ƙarfen ƙira ne, sanduna huɗu kamar keji, da alamar guduma a jiki, an ɗaure su da weji maimakon noti, to aikin maƙeri ne, mai yiwuwa na ƙarni na 17 ko 18, ko ma kafin nan. Idan ƙarfen zubi ne shimfiɗaɗɗe kamar gado, an yi masa fenti kore, gargarori a jere a kai, to na masana'anta ne daga tsakiyar ƙarni na 19. Nemi ƙaramar fuskar tagulla da ke jikin injin, wadda mai kula ke saita lokaci da ita: nan sunan maƙera da shekara suke. Za ka yi ta cin karo da Smith na Derby, Joyce na Whitchurch, Potts na Leeds, Gillett na Croydon.

Injin kashi biyu ne ko uku, kowanne da gangarsa da wayarsa da nauyinsa. Ɗaya na tafiyar lokaci, ɗaya na buga awa, na uku in akwai na kwata-kwata. Na bugu za ka gane shi da farfela mai fukafukai, wadda iska ke riƙewa don kada bugun ya yi gudu. Na tafiya kuwa yana ƙarewa ne a wurin da ni nake kira ɗan kama-saki: ƙarfen da ke kama haƙorin gargare ya sake shi ɗaya bayan ɗaya bisa umarnin lilo. Mai kama da ƙugiyar anga ya fito wajen 1670. Ka zuba wa hannun daƙiƙa ko gargaren ido: idan yana ɗan ja da baya bayan kowane bugu, shi ne. Idan yana tsayawa cak, gyararren nan ne da ake dangantawa da George Graham, wajen 1715. Idan kuwa ka ga ƙafafu uku-uku suna juyawa da hannaye biyu suna rungumar sandar lilo, wannan dabarar Edmund Beckett Denison ce, wadda aka sa a babban agogon majalisa a Landan da ya fara aiki a 1859. Amfaninta babba ne: iska ko ƙanƙara ko tantabara ta danne hannun agogo a waje, lilo bai san ana yi ba.

Daga injin wata siririyar sanda ke tashi, ta bi ta giyoyin kwana, ta huda bango zuwa bayan fuska. Bi ta da tocila har inda ta ɓace.

Me ya sa na zamanin Victoria suka fi yawa? Jirgin ƙasa. A da kowane gari da lokacinsa, bisa ranarsa: Bristol tana bayan Landan da minti goma. Da agogon rana na jikin bango ake saita na hasumiya. Jirgi ya tilasta lokaci ɗaya, doka ta tabbatar da na Greenwich a 1880, tsofaffin injuna da yawa suka koma gefe. Duba kusurwar ɗakin, wani lokaci tsohon yana nan a jingine cikin ƙura.

Mataki na takwas: idan aka miƙa maka mariƙin yi wa agogo wani

Wani dattijo da ya shekara fiye da talatin yana hawa matakala duk mako shi ya fara miƙa mini. Ya sa tafinsa a kan nawa, ya ce in ji nauyin tukuna kafin in murɗa. Abin da na koya a wurinsa ke nan.

Murɗa a hankali, ba fizga, kana jin ɗan harshen ƙarfe yana faɗawa haƙori bayan haƙori. Kada ka saki hannun sai ka tabbata ya kama. Akwai alamar fenti a jikin waya. Da ta iso ganga ka tsaya, in ba haka ba nauyi zai daki gargaren sama, waya ta tsinke, ƙarfe mai nauyin buhunan hatsi ya faɗo ya fasa dabe. Na bugu ya fi na tafiya nauyi nesa ba kusa ba. Kada ka yi wa agogo wani ana dab da buga awa.

Idan agogo yana gudu ko yana jinkiri, ba a taɓa hannayen waje. Akwai noti a ƙarƙashin tulun lilo: a ɗaga shi agogo ya ƙara sauri, a sauke ya rage. Don gyara ƙanƙani, kwabbai ake ɗorawa a ɗan faifan da ke jikin sanda; a agogon majalisa tsohon kwabo ɗaya yana ƙara kashi biyu cikin biyar na daƙiƙa a yini. Zafi yana miƙar da sandar ƙarfe, agogo ya yi jinkirin kusan rabin daƙiƙa a yini ga kowane digiri guda, shi ya sa wasu sandunan na katako ne. A gyara sau ɗaya, a rubuta a littafi, a jira mako.

Mai, ɗigo ɗaya a inda sanda ke juyawa cikin raminta. Haƙoran gargare a bushe ake barin su, don mai da ƙura idan sun haɗu sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Kafin masu kaɗawa su fara, dole a janye gudumomin agogo daga jikin ƙararrawa a ɗaure, don ƙararrawa mai juyawa idan ta haɗu da guduma, ɗaya sai ya fashe. Duk wani gyara babba, har da sa injin lantarki mai yin wani da kansa, sai da izinin hukumar yankin coci, kuma sharaɗin da ake bi shi ne kada a huda ko a yanke tsohon ƙarfe, a iya cire sabon a mai da abu yadda yake.

Sau biyu a shekara ana sauya lokaci. Lahadin ƙarshen Maris a ƙara awa ɗaya, lokacin Ingila ya zo daidai da na Najeriya da Nijar. Lahadin ƙarshen Oktoba a rage. Ba a mai da irin wannan agogo baya. A Oktoba dattijon nan tsayar da lilo yake yi da tafin hannu, ya zauna a kan benci da shayinsa a fulas har awa ta cika, sannan ya tura shi.

Idan za a kai ka ɗakin ƙararrawa, duba lokaci tukuna. Na taɓa kasancewa taku biyu daga babbar ƙararrawa sha biyun rana ta cika. Na ji waya ta ja, guduma ta ɗaga, ban gane me ke tafe ba sai da ƙarar ta shiga mini ƙirji, kunnena bai dawo daidai ba sai da yamma. Minti biyar kafin awa, ka sauko ɗakin agogo. A nan za ka ji wani ɗan ƙaras, injin bugu ya yi shiri. Ka tsaya gefe, hannunka a aljihu, ka zuba wa farfelar ido har ta fara juyawa.